Mu da Muke Gashin Fa?

Shekarar da ruwa ya cinye mana gero ban san wani abu wai shi mulkin kai ba. Abin da na sani hayaƙi ne. Tun ina yarinya nake tsugune gaban ramin banda, ido yana zubar da ruwa, ina juya tarwaɗa, da na yi aure kuma masunci na aura, na ci gaba daga inda na tsaya. Garinmu ɗan tsibiri ne a fadama, gabas da Haɗejiya, in damina ta yi nisa sai da jirgi ake shigarsa. Mu matan masunta ba a kulle mu, yo wa zai yi bandar in an kulle mu? Maza su kamo, mu mu feɗe, mu lanƙwasa kifin mu haɗa wutsiya da baki, mu soke da tsinke, mu jera a kan wuta har ya yi baƙi ya yi ƙarfi.

Maigidana yana da jirgi. Wanda bai zauna a fadama ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Ƙasarmu ba ta da manyan itatuwa, jirgin kuwa na maɗaci ne, mahaifinsa ne ya sayo shi daga nesa tun Malam yana goye. Malam nake ce wa maigidan. Mai jirgi yana shiga tsakiyar ruwa inda manyan kifaye suke, ya yi fito ran kasuwa, ya ɗebo shinkafarsa da kansa. Marar jirgi sai ya kwanta a kan gora yana iyo a gefe-gefe, ko ya shiga jirgin wani ya kamo masa, a ba shi abin da aka ga dama. Duk talaucinmu, in na hango jirgin nan ɗaure a turkensa a bakin ruwa, raina yana kwanciya.

Damina ta zo da ƙarfi a shekarar. Kogi ya tumbatsa ya haye gonakin da ko tsofaffi ba su taɓa ganin ruwa a cikinsu ba, gero ya fara fitar da kai ke nan ya kwanta ya ruɓe. Muka ce to, ga shinkafa. Tana fara nuna sai ga jan-baki, tsuntsayen nan ƙanana, su sauka a gona da safe, kafin azahar sai kara. Muka yi ta kaɗa gwangwani muna ihu har muryoyinmu suka dushe. Kaka ta zo, rumbunmu ko ɓera ba ya leƙawa.

Abu ɗaya ruwan ya bar mana, kifi. Da ya fara ja, Malam yana fita da asuba ya dawo jirgi na neman nutsewa, ni kuwa ban bar wuta ta mutu ba. Kwanduna suka cika har na jera wasu a ɗakin Inna, surukata. Sai kuma kurkunu ta fito wa Malam, ba a ƙafa ɗaya ba, duka biyun. Wanda ya san kurkunu ya san ba a yi mata gaggawa. Kullum a naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, in aka ja da ƙarfi ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa. Ƙaton mutum ya koma tabarma, ko ban-ɗaki sai an riƙe shi. Ga yara uku, ga tsohuwa, ga ni. Kifi kuwa mahaɗi ne, ba ya riƙe cikin yaro. Ki ba shi banda ya ci, an jima ya dawo yana kukan tuwo.

A duk yankinmu mutum ɗaya ke sayen banda da yawa. Mai kanti muke ce masa, don shi ke yi wa wani kamfanin Turawa awon gyaɗa, kuma a rumfarsa kaɗai ake samun ƙugiya da zaren koma da gishiri. Shi ke loda bandarmu a jakuna ya kai tashar jirgin ƙasa ta Birniwa, inda mutanen Kudu suke saye. Yadda yake sayarwa a can ba wanda ya sani. In ya zo, ya zunguri kwando da ƙafa ya faɗi abin da zai bayar, magana ta ƙare. Wanda ya kai kifinsa wani wuri sai ya nemi ƙugiya a wani wurin, wani wurin kuwa babu shi. A shekarar ya ga yunwa a idonmu, sai ya karya kuɗin banda ya ɗaga na hatsi. Abin da ya yanka wa kwandunana duka ba zai kai mu tsakiyar rani ba. Sai mutumin ya leƙa ta kan danga ya hango jirgin. Ya ce in an haɗa masa da wancan zai cika mana rumbu da dawa, in ƙafa ta warke Malam ya ci gaba da shiga abinsa, sai dai kifin ya zama nasa. Ya riga ya yi wa gida biyu haka a garinmu. Ya ce mu yi shawara, shi ba ya sauri.

Ran kasuwar Haɗejiya na zuba ɓaraguzan banda a ƙwarya na tafi, ko zan samo ɗan awo. Kasuwa ta cika da kifi, kowa ruwa ya cuce shi ya ba shi kifi, ba mai ko kallon ƙwaryata. Ina zaune raina a ɓace sai na ji hayaniya ta wajen teloli. Wani tela ne siriri ya hau gangar kananzir yana magana, jama'a sun kewaye shi. Ni inuwar rumfar ce ta kai ni wurin, ba maganarsa ba. Yana cewa Turawa sun kusa tafiya, a Kano da Kaduna da Ikko mutane sun tashi, har an ɗaure wasu a kai, ƙasar nan za ta koma hannun 'ya'yanta. Na ce a raina, su tafi mana, ni sau ɗaya na taɓa ganin Bature, a kan doki yana kallon shanun Fulani. Sai telan ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, gyaɗar da kuka noma, wa ya yanka mata kuɗi? Fatar da kuka jeme fa? Mu ne da wahala, wasu ne da ci. Lokaci ya yi da za mu ci gashin kanmu!"

Wallahi ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Malam tela, mu da muke gashin fa?"

Aka kwashe da dariya. Wani mai jar hula ya juyo ya ce, "Ke, maganar ƙasa ake yi, ba ta kifi ba." Na ce masa ni ma maganar ƙasar nake yi, ai a cikinta ake gasa kifin, ba a sama ba. Telan bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya dubi hannuwana da hayaƙi ya rine, ya ce, "Yaya, wa ke cin naki?" Kafin in ba shi amsa sai ga 'yan doka, taro ya watse, aka yi fatali da ƙwaryata. Ban sake ganin telan ba, ban kuma san abin da ya same shi ba. Amma tambayar tasa ta bi ni har cikin jirgin fito.

Da na iso gida na ba Malam labari. Inna kunnenta ya yi nauyi, ta matso ta ce, "Me aka ce za a ci?" Na ɗaga murya na ce gashin kai. Ta dafe ɗankwalinta ta ce, "Innalillahi! Yunwar har ta kai a ci gashi? To ni nawa furfura ce, ba ta da mai." Malam ya yi dariya har ƙafar ta motsa, ya koma nishi. Rabona da jin dariyarsa tun kafin ruwa.

Na bari ya huta, sannan na ce, "Malam, zan kai bandar nan Birniwa da kaina."

Ya ce, "Ke? Kin taɓa ganin jirgin ƙasa?"

"Zan gan shi."

"Mai kanti zai hana mu ƙugiya."

Na ce, "Jirgin da ke kai kifi Kudu ai shi ke kawo ƙugiyar. Ko daga sama take faɗo masa?"

Ya dubi tsinken da ke ƙafarsa. Ya ce, "In kika je aka ƙi saye fa? Mun ɓata da shi, kifi kuma ya lalace."

Na ce abu ɗaya nake roƙonsa, kada ya sayar da jirgin sai na dawo. Zan bar musu kwando ɗaya, ga kuma bado, 'ya'yan furen ruwan nan da ake shanyawa a niƙa a tuƙa in hatsi ya ƙare. Ya ce ya ji. Na ce ba ji nake so ba, alkawari nake so. Ya ce, "Na yi alkawari, in Allah ya yarda." Wannan ƙarshen maganar ban so jinsa ba, amma wane musulmi ne zai hana a faɗe shi?

Wani maƙwabci ya tuƙa ni da kwandunan zuwa tudu, garin yayana. Ƙaramar 'yata, wadda na yaye da damina, ta riƙe bakin zanina a bakin ruwa, sai da Inna ta ɓanɓare yatsunta. Yayan nawa ya ara min jakuna biyu yana ta faɗa wai na haukace, ya raka ni rabin hanya ya juya.

Birniwa ta firgita ni. Buhunan gyaɗa an tara su sun fi kowane soro da na taɓa gani tsawo, leburori suna gudu da su a ka suna waƙa, ga yaruka iri-iri. Da jirgin ya shigo yana huci, jakuna suka nemi tsinkewa, ni ma ƙafata ta nemi gudu, na dai riƙe igiya. Na sauke kayana a gefen dogo na buɗe kwando ɗaya. Ba a jima ba sai ga wata Bayarabiya mai ƙaton goggoro, ta ɗauki tarwaɗa guda ta karya, ta shinshina, ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai. Da 'yar Hausarta ta ce, "Duka naki? Ni saya." Na buɗe baki zan faɗi kuɗi. Sai wani dillali ya ratso ya tsaya tsakaninmu ya ce, "Wane ne fatomanki?"

Ban ma san kalmar ba. Ashe a tasha baƙo ba ya sayar da kaya da bakinsa. Sai ya sauka a hannun fatoma, wato mai masauki, shi zai tsaya masa, dillalinsa ya yi ciniki a cire la'ada. Dillalin ya yi wa matar raɗa a kunne, ta ajiye kifin da ta karya, ta dube ni da tausayi ta tafi. Na bi gidajen fatomomin nan ɗaya bayan ɗaya ina gaisuwa har ƙasa, ni da ko ubana yakan yi fama kafin in durƙusa. Wannan ya ce masaukinsa ya cika, wancan ya ce ba ya saukar mace. Na ƙarshen ne ya faɗa min gaskiya. Ya ce, "Yaya, saƙon mai kantinku ya riga ki isowa. Ni kayansa nake saukewa duk shekara, ke kuwa yau na fara ganinki."

Wata tsohuwa Babarbariya ce ta tsince ni a bayan tasha ina zaune a kan kwando, rana tana shirin faɗuwa. Tuwo take sayar wa leburori, da miyar kuka lami, ko ƙashi babu. Ta gaishe ni da yarensu, "Wushe, wushe," ta ƙare min kallo, ta ce in ɗaure jakunan a bayan bukkarta. Ba ta tambaye ni komai ba sai da na ci na sha.

Jirgi ya zo ya tafi, wani ya zo ya tafi. Duk ran da ya shigo ina gefen dogo da kwanduna a buɗe, masu saye su zo su shinshina, dillalai su yi musu ido su wuce. Ina kallo ana loda bandar da ba ta kama ƙafar tawa ba. Wata safiya na ɗaga kwando na ga gari a ƙasa, baƙi, mai laushi. Na karya kifi guda, sai ga ƙwaro yana fitowa daga cikinsa. Banda in ƙwaro ya shige ta, daga waje tana nan kyakkyawa, ciki kuwa ya zama fanko. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar uwata. Na zagi telan nan, Allah ya yafe min, na zage shi tas, shi da gangar da ya hau. Shi ya faɗi tasa ya koma kan kekensa, ni ga ni a garin mutane, kifina yana komawa gari, 'ya'yana suna can suna cin bado.

A ranar ce mai kanti ya iso tasha da jakunansa. Ya zo har inda nake, ya gaishe ni da fara'a, ya sa tsinin takalmi ya taɓa garin da ke ƙasa. Ya ce don zumunci zai karɓa a rage min asara, ya faɗi wani abu da ko kuɗin hayar jaki bai kai ba. Ba zan ɓoye ba, bakina ya fara buɗewa zai ce to. Sai na ga yadda yake murmushi, wuta ta taso min daga ciki. Na ce, "Ranka ya daɗe, gara ƙwaron, shi bai taɓa ce min zumunci yake yi ba." Ya yi dariya ya ce zai gaida mutanen gida.

Abin da na iya shi na koma yi. Na haƙa rami a bayan bukkar tsohuwa, na tara itace da kashin shanu, na zazzage kwandunan na mayar da kifin kan hayaƙi don ƙwaro ya fita. Waɗanda suka riga suka farfashe na ware su gefe, na ɗebi hannu biyu na zuba wa tsohuwa a tukunyar miya, don kullum tuwonta nake ci ba ta taɓa cewa komai ba. Da azahar leburori suka zo cin abinci. Na farkon ya kai loma, ya tsaya, ya dubi kwanon ya ce, "Iya, yau wa ya mutu ya bar miki gado?" Kafin a jima tukunya ta ƙare, waɗanda ba su samu ba suna faɗa. Tsohuwa ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Ke 'yar ruwa, gobe tukunya biyu. Ni da tuwo, ke da kifi, a raba."

Washegari dillalin nan ya zo da fushinsa wai ina sayar da kifi ba fatoma. Tsohuwa ko miƙewa ba ta yi ba. Ta nuna masa tukunya da ludayi ta ce, "Kifi ka gani ko miya? In miya ce, faɗa min la'adarta, ni tun kafin a haife ka nake sayar da ita ban taɓa ji ba." Leburori suka sa masa ihu, ya tafi yana ƙunƙuni. Daga nan idona ya buɗe. Ikon dillali a kan kwando yake, ba shi da iko a kan abin da za a kai baki. Sai na riƙa ɗaukar tarwaɗa ɗaya-ɗaya ina shafa mata man gyaɗa da yaji, in jera a faifai, in jirgi ya tsaya in bi tagogin tarago ina miƙawa. Matafiya su sayi ta ci, su sayi ta tsaraba. Bayarabiyar nan ma ta dawo, ta sayi faifai guda a matsayin abinci, ta juye a jakarta tana dariya, ta ce in ƙaro.

Leburorin nan kullum bakinsu yana kan maganar da telan ya yi. Jirgi ne ke kawo musu labari, wane ya yi jawabi a Kano, an kama su wane, Turawa sun yarda ko ba su yarda ba. Su zauna gindin tukunyarmu suna gardama har tuwo ya huce. Da suka ji yadda na zo, sai suka sa wa bukkar tsohuwa suna Rumfar Mulkin Kai. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Mu muna ta jira a ba mu, Yaya ta riga ta ƙwaci nata." Na ji daɗin maganar nan har cikin ƙashina. Ni dai abin da na fahimta a duk siyasarsu shi ne, in har ana iya ce wa Bature ya isa, to mai kanti wane ne?

Sai dai ciniki na faifai tafiyar hawainiya yake yi. Kasuwa ta zagayo, ta sake zagayowa, kwanduna suna raguwa a hankali, ni kuwa ba na iya haɗiye tuwo sai na tuna yarinyar nan da yatsunta a bakin zanina. Na nemi wanda zan aika da ɗan gero da saƙo, duk masu zuwa wajenmu 'yan jakunan mai kanti ne. Na yi tunanin in koma da rabi. Amma rabi ba zai kai mu sabuwar kaka ba, tsakiyar rani mutumin zai sake leƙowa ta kan danga. Na ce Malam ya yi min alkawari. Na cije na zauna har kwandon ƙarshe.

Ran da zan taho jakunan da ƙyar suke tafiya don nauyin gero. Na sayi gishiri, na sayi ƙugiya da zaren koma a hannun wani Bakano da ya sauko daga jirgi, da arhar da sai da na sake tambaya don na zaci ban ji daidai ba. Har da saura a ƙulle a bakin zanina. Tsohuwa ta ce in dawo da sabon kifi kafin gyaɗa ta ƙare, leburori suka ce in na daɗe za su biyo ni da kwanoninsu.

Da aka haye da ni garinmu na dubi turken, ba jirgi. Na ce alhamdulillahi, ƙafa ta warke, Malam ya fita su. Da saurina na shiga gida ina sallama, sai ƙamshin tuwon dawa ya tare ni a ƙofa. Na tsaya cak. Na dubi rumbu, an yi masa sabon yaɓe a baki.

Inna ta taso ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, kada ki yi masa faɗa." Ta ce mai kanti ya dawo daga tasha ya zauna a tsakar gida ya ba da labari, ya ga kifina da idonsa ya zama gari, ba wanda ya saya, ba wanda zai saya. Bai yi ƙarya ba, a ranar haka abin yake. Duk da haka Malam ya ce zai jira. Bado ya ƙare a ruwa, don duk gari shi ake ci. Ƙafafun yarinyar suka kumbura, fuskarta ta kumbura, sannan ta daina kuka. Ran da ta daina kukan ne Malam ya ja gindi har ƙofar gida ya ce a kira masa mai kanti.

Yarinyar tana zaune a tabarma da ƙwarya a gabanta, tana ci da hannu biyu. Na ɗauke ta, ta ƙi ni, ta miƙa hannu wajen Inna. Na nemi wanda zan yi wa faɗa a duk gidan nan na rasa. Na fita a guje zuwa rumfar mai kanti, na ce ya mayar da jirgin, ga dawarsa zan biya, ga gero, ga abin da ke zanina. Ya ce, "Ai ba na sayarwa ba ne." Na roƙe shi, ni da bakina. Ya ce in gaida Malam.

Da magariba Malam ya shigo yana ɗingishi. Muka gaisa kamar baƙi. Na ajiye masa ƙugiyar da zaren a gabansa, ya ɗauka ya jujjuya ya ce masu kyau ne, sannan ya mayar a hankali ya ce, "Yanzu mai kanti ke bayarwa." Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban ce na yafe ba, don ban san wanda ya yi laifin ba.

Na yi ciniki iri-iri bayan wannan, har aka sauke tutar Turawa ina kai banda tasha, matan garinmu da yawa suka biyo ni. Amma jirgin bai dawo hannunmu ba har ya ruɓe, kuma ba cinikin da nake tunawa kamar na washegarin dawowata. Ramin bandata yana jiran kifi, tsohuwa tana jira a Birniwa, kifin kirki kuwa a jiragen mai kanti yake. Na ɗauki kwando na nufi bakin ruwa. Mai kanti yana zaune a tabarma gindin wata bishiya, ya hango ni ya ce, "A'a, 'yar kasuwa! Mai kuɗi ai ba a hana shi kaya. Je ki taya, ga yarona can ya iso." Malam ne yaron, Malam da ya girme shi.

Yana tsaye a cikin jirgin da tsumma ɗaure a ƙafa, tarwaɗa tana ta motsi a gindinsa. Tun da nake ban taɓa sayen kifi ba. Mutanen gari suka daina abin da suke yi. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba, ya cika min kwandon ya ce, "Baiwar Allah, taya."

Na taya. Ya dubi gindin bishiya, mai kanti ya kaɗa kai. Malam ya ce, "Albarka." Na ƙara, ya sake duba bishiya, ya sake cewa albarka. Na ƙara, sannan mutumin ya ɗaga hannu, Malam ya ce ya sallama.

Sai hannunsa ya tafi kan wata ƙatuwar tarwaɗa da ya ware a gefen jirgi, irin wadda yakan ajiye wa tukunyar gida, ya ɗago ta zai sa min a kai a matsayin gyara. Daga gindin bishiya aka ce, "Wannan ta fi ƙarfin gyara." Malam ya tsaya da kifin a hannu, tana ta wutsil-wutsil, ya rasa inda zai ajiye ta.

Na ce, "Sa ta a kwandon, Malam. Nawa ce?"

Ya faɗa. Na kwance bakin zanina na biya, ya kama min kwandon ya ɗora min a ka, na wuce gida na hura wuta.